Rabon Sanyin Farin Kyarkeci

Shekara goma sha ɗaya bayan narkewar ƙanƙarar arewacin duniya, doka ta ce kowane irin dabba ɗakin sanyi ɗaya tak za a ba shi. Ranar wata Talata, Uwani, jami'ar Hukumar Rabon Sanyi, ta iso gidan dabbobin da Baba Ilu yake kiwon farin kyarkecin da ya rage a duniya.

"Baba, an riga an ba kyarketai masu ruwan toka ɗaki a wani gari," in ji ta. "Kyarkeci ai kyarkeci ne. Da azahar za a kashe na'urar sanyin nan."

"'Yata, dubi kunnuwansa. Gajeru ne, haka ma bakinsa, don kada sanyi ya ci su. Waɗancan suna jure rana. Wannan, da gashin nan nasa, ba zai kai la'asar ba."

Kyarkecin ya matso jikin gilashin ɗakin sanyinsa, ya zuba wa baƙuwar ido babu ko ɗar. Abin da ya fi ci wa tsohon rai ke nan: kakanninsa ba su san mafarauci ba, shi ya sa bai iya tsoron mutum ba.

"Takarda ba ta san kunne ba, Baba."

Baba Ilu ya ɗauki buzunsa da butarsa, ya shiga ɗakin, ya sa sakata ta ciki. Ɗakin ba shi da taga. Idan na'ura ta tsaya, iska ma ta tsaya.

"To, rubuta mu biyu," ya ce ta bayan gilashi. "Ki gaya musu ni ma akwai irina a wani gari."