Masu Ceton Buhu

Auta, na ji kukanki. Kin ce kin gaji da ɗakin killace masu cuta da aka ware a asibitin koyarwa: gadaje a shimfiɗe babu kowa a kai, ku kuwa kullum sa rigar kariya, tuɓe, sake sawa, cikin zafin nan, alhali a ɗakin haihuwa hannu ake nema. Kin ce ran Litinin za ki kai takarda a canza miki wuri. Ni ban iya gardama da masu ilimi ba. Misali ɗaya gare ni, ki karanta kafin Litinin ɗin.

An yi wani tsohon mai fito a bakin babban mashigi. Duk mai son koyon fito a ƙasar wurinsa yake zuwa, ya zauna shekara uku, sannan ya koma mashigin garinsu. Da damina ana ganin amfaninsu. Da rani kuwa kogi yakan zama rairayi, akuya ma ƙetarewa take, sai gurbi ɗaya mai zurfi da ba ya ƙafewa. Nan tsohon yake kai masu koyon kowace safiya, magidanta da gemunsu. A loda buhunan ƙaiƙayi a kwale-kwale, a kife shi da gangan, a ce kowane buhu mutum ne, a je a ceto. Dokarsa ɗaya ce: ba a tunkarar mai nutso ta gaba. Zagayawa ake ta bayansa a kama shi ta hammata, domin mai nutso bai san mai cetonsa ba, ƙanƙame shi yake su tafi tare. Da yake buhu ba shi da gaba ko baya, sai ya ɗinka wa kowanne jan ƙyalle a gefe ɗaya, ya ce nan ne fuska. Wanda ya zo ta wajen ƙyallen, a sake daga farko. Mata masu wanki suna dariya, suka sa musu suna masu ceton buhu. Tsohon ma ba daɗin abin yake ji ba. Bayansa ciwo yake, sanyin ruwa ya shige masa gwiwa, wata safiyar sai ya daɗe zaune kafin ya iya miƙewa.

A cikinsu akwai wani ƙaƙƙarfa, ya fi kowa iya tuƙi. A rani na biyu ya ce ya gaji. Rabon kogin nan da ya ci mutum tun yana yaro, ga gonarsa can ba shara, shi yana nan ana yi masa dariya, kuma dokar ai ya haddace ta. Tsohon ya ce, "Kanka ya haddace. Hannunka fa?" Ƙaƙƙarfan ya naɗe tabarmarsa ya tafi mashigin garinsu. Aka yi damina huɗu lafiya lau, har ya riƙa ba da labarin buhu ana dariya a majalisa. A ta biyar ruwa ya zo ranar kasuwa da hantsi, ja wur, ɗauke da itatuwa, kuma mashigi bakwai ya cika a lokaci guda. Tsoho mutum ɗaya ne, wuri ɗaya zai tsaya. Jirage suka kife a wuri uku. A biyu, masu fiton da suka ƙare koyo wurin tsohon ba su ma san sun yi tunani ba, jikinsu ne ya zagaya baya da kansa, suka fitar da kowa. A na ukun, ƙaƙƙarfan nan ya ga wani mai tallar gishiri a ruwa yana ɗaga hannu yana kiransa da sunansa. Buhu bai taɓa kiran sunan kowa ba. Tausayi ya riga haddar zuwa, ya miƙe sambal ya tunkare shi. Bayan kwana biyu aka sami gawarsu a gindin wata bishiyar giyayya, a rungume da juna. Garin ya ƙare daminar ba mai fito, mai naƙuda da mara lafiya duk sai dai su dubi ƙetare da ido.

Can inda aka ceci kowa, babu wanda ya zo ya gode wa tsohon. Cewa aka yi ruwan bana bai kai yadda ake faɗa ba. Da rani ya dawo, ya sake ɗinka jan ƙyalle, ya ja kwale-kwalensa zuwa gurbi, masu wanki suka ci gaba da dariyarsu.

Auta, Allah ya sani, son raina ki bar ɗakin nan. Ba uwar da ke son a ce 'yarta ce a bakin ƙofa ranar da annoba ta shigo, Allah ya kiyaye mu da ita. Amma in ta zo ba za ta tambayi wane ɗaki kika koma ba. Mara lafiya zai kira ki, ke kuma na san zuciyarki, za ki tafi. Abin da nake roƙo a sallata, ranar hannunki ya riga zuciyarki sanin hanya. Ɗaliban da kuke koya wa a ɗakin kuma gobe ƙauyuka za a watsa su, inda babu wanda za su tambaya. Takardar taki ce, ki yi yadda kika ga dama da ita. Ni dai abin da na gada ke nan: ba a fafe gora ranar tafiya.