Wuta Daga Randa

Shekarar da gas ya gagari talaka, icce ma ya fara jan aji, Malam Basiru ya rantse wa matarsa Hure cewa da ruwa za ta riƙa tuƙa tuwo. Tsohon malamin kimiyya ne, ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu kusa da Dawakin Tofa.

Bayaninsa dai ba wuya. A cikin ruwa akwai iskar haidirojin, mai ci kamar gas. Ka tsoma baƙaƙen farantai masu zuƙar hasken rana, ka barbaɗa 'yar kanwa, sai rana ta raba ruwan, iskar ta taso. Hure ta ce to, ta ci gaba da hura karanta.

Ya ɗauke babbar randarta, ya kafa a ƙofar gida, bakin hanyar gona, inda rana ta fi duka. Ya rufe da gilashi, ya ja tiyo zuwa tif ɗin babur da zai tara iskar.

Kullum da hantsi ya cika randa, ya shige ɗaki ya duƙufa kan littattafai. Kafin la'asar ruwa ya koma rabi. Rabi fa! Tif kam bai kumbura ba, amma ai wannan ɓula ce. Sau huɗu yana kai shi faci.

Abin da ya ƙara fasa masa kai, mutanen gari sun fara gane darajar ilimi. Duk manomin da ya gamu da shi sai ya ce, "Allah ya ba da lada, Malam." Har liman sai da ya sa masa albarka ran Juma'a.

Nan ya yanke shawarar faɗaɗa aiki. Ragonsa tilo, wanda Hure ta shafe wata takwas tana dama wa dusa don layya, shi zai sayar ya sayo manyan farantai. Hure ta yi kuka, ta yi fushi, ta kai ƙara wurin yayansa. Ina! Ran kasuwa rago ya tafi.

Yana tsugune yana ɗaura sababbin farantai, daɗi ya cika shi, sai ga wani tsohon manomi, Dabo, da fartanya a kafaɗa. Ya miƙa masa sabuwar moɗa.

"Gudunmawata ce, Malam, gwangwaninmu ya huje. Wallahi tunda ka ajiye mana randar sadakar nan mai 'yar kanwa, ba manomin da ya ƙara kukan ƙishirwa, balle ciwon ciki."