Wili Huɗu, Babu Mota

Ranar da na fara ganin Goggo Hansai, yayar mahaifin Nafi'u, tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake, ba ta ɗago ba sai da na gama gaisuwa. Lokacin bikina da Nafi'u ya matso. Nafi'u direban haya ne, motarsa tsohuwa ce amma lafiyarta ƙalau, ita ce cinsa, ita ce shansa. Kwanaki kafin nan ya nuna mini a waya hoton wasu wili, wato ƙarfen da taya ke hawa kai, suna ƙyalli kamar sabon faranti. Na ce sun yi kyau, iyakar abin da na faɗa ke nan. Shi kuwa ya sa maganar a rai, ya ce sai ya sayo su daga ƙasar waje don motar da za ta ɗauko ni ranar biki ta fita daban. Har ya fara neman mai sayen tsofaffin. Abin ya yi mini daɗi, don haka na yi shiru. Ashe labari ya kai kunnen Goggo. Ta turo mini faifai ta ce, "Zauna, 'yar nan, ki taya ni tsinta, in ba ki wani misali."

An yi wani direba, in ji ta, mai mota guda ɗaya da mata mai haƙuri. Wata rana suna tafe wata mota ta wuce su, ƙafafunta suna walƙiya, matar ta bi ta da kallo ta yi murmushi. Mijin ya gani. Ya bincika, aka ce masa irin wilin da zai hau tsohuwar motarsa sai a ƙetaren teku, kuma da araha. Ya aika kuɗi. Sai da kuɗi suka tafi aka sanar da shi ladan jirgi, ga shi ƙarfe da nauyinsa ake yi masa kuɗin dako, har dakon ya zarce farashin kayan. Ja da baya asara ce, don haka ya kwance tsofaffin wilinsa ya sayar, ya biya, ya ɗora motar a kan bulo a ƙofar gida, ya ce ai na ɗan lokaci ne. Jirgi ya yi jinkiri. Damina ta sauka, ciyawa ta tsiro ƙarƙashin motar, kaza ta samu wurin saka ƙwai. Da kaya suka iso tashar jiragen ruwa, kwastan ba su dubi arahar da ya samu ba. Suka haɗa kuɗin kaya da na jirgi, suka yanka masa kuɗin fito a kan duka biyun. Mai fito da kaya ya nemi ladansa. Masu tasha kuma kowace safiya sai sun ƙara kuɗin ajiya, kuma aka ce in ya daɗe bai zo ba za a yi gwanjonsu.

Motar da za ta nemo kuɗin nan ita ce ke zaune ba ƙafa. Ya cire batir ya sayar. Ya cire kujeru. Ya sauke giyar motar, daga baya injin ya bi, kullum yana cewa da zarar wili sun iso zai mayar da komai. Matar tana kallo daga zaure. Sau da yawa magana ta zo mata har baki, sai ta tuna don ita ake wannan wahala, kuma ba a taɓa yi mata irin haka ba, sai ta haɗiye. Abin da ya rage na gangar jiki masu sayen tsohon ƙarfe suka ja shi, da kuɗin nan aka cika ragowar abin da ake binsa a tasha. Wili suka iso cikin kwali, kuma gaskiya sun yi kyau, sun fi yadda aka kwatanta. Ya jingina su a bango ya zauna yana kallo. Ya nemi mai saye bai samu ba, don ramukan kusoshinsu ba sa hawa sai irin motarsa, irinta kuwa ta yi ƙaranci a gari. Ya koma tuƙa motar wani, yana fita kafin rana, yana kai wa mai ita ciniki da yamma. Matar ta ɗauki wili guda ta ɗora randa a kai, don ƙasa ba ta da kyau a wurin. Duk wanda ya shigo gidan shan ruwa sai ya yaba mazaunin randar. Ita kuwa takan kau da kai.

Nan Goggo ta tsaya da labarin, ta ci gaba da tsinta. Na duba faifaina, na ga tun ɗazu tsakuwa nake zubawa cikin waken, waken kuma ina yarwa. Ban iya kiran sunan Nafi'u a gabanta ba, amma na ɗago na ce, "Goggo, yau zan gaya masa da bakina. A motar nan zai ɗauko ni, da ƙafafunta yadda suke. Kuma na yi alkawari, duk ranar da na ga zai cuci kansa don ya faranta mini, ba zan yi shiru ba."

Ta karɓi faifan daga hannuna, ta fara gyara ɓarnar da na yi. "Allah Ya ba ki iko," ta ce. "Ki yi sauri kafin ya kwance su. Tun da can Hausawa suka ce, garin gyaran gira akan rasa ido."