Ranar da Ya Zo Ɗaukarta

Ƙarfe takwas 'yata ta haɗa mini shayi da hannun hagu, don na daman ba ya ɗaguwa. Kwananta shida ke nan a gidana, da cikin wata biyar. Ƙarfe goma barci ya ɗauke ta a kujera. Ƙarfe huɗu mijinta ya zo, ya durƙusa a falo.

"Ranki ya daɗe, gidan ba daɗi," ya ce mata yana murmushi. "Ko ruwan zafi na kasa dafawa. Ki tausaya wa marayanki."

Ta kusa yin dariya. Har lokacin tana sonsa, na gani. Sai ya ɗaga hannu zai gyara hula, ta yi wuf ta kare fuskarta.

"Baba," ta ce, idonta a kaina, "in bi shi?"

"Ki yi haƙuri, uwata. Ya ce ba zai ƙara ba."

Bayan kwana tara ya ƙara. Cikin ya zube, jinin bai tsaya ba har ta cika.

Kayanta duk na rabar. A ƙasan akwatinta na sami takardun asibitoci huɗu daban-daban. Sauya asibiti take yi don kada a gane ta. A kowacce an rubuta ta zame a banɗaki. Su kaɗai na riƙe.