Tsagar Kakata

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya nake zuwa shagon Oga Yohanna mai zane a Bosso, a ɓoye, don Baba ya hana ni zana mutane. Wata la'asar ina zana fuskar marigayiya kakata da fentin mai, sai na ji sallamar Baba a bayana. Burushin ya suɓuce min. Na kasa juyowa.

Oga Yohanna ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, yaron ya iya."

Baba ya matso kusa da zanen. Ya daɗe yana kallon mahaifiyarsa, sannan ya ce, "Tsagarta a kuncin hagu take. Gyara."

Yanzu Baba ma ya rasu, kuma har yau na kasa zana fuskarsa.