Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

"Kwamfuta ba ta ƙarya," in ji manajan masana'antar. "Ƙaninka bai danna maɓallin tsayar da inji ba. Sakacinsa ne ya ci yatsunsa. Sa hannu a rahoton."

Mai gyaran lantarkin ya ƙi karɓar biro. Ɗazun nan ƙanin ya rantse masa a gadon asibiti: "Wallahi Yaya, sau uku na danna."

Ya buɗe akwatin injin, ya tsura wa katin da ke karɓar saƙon maɓallai ido, sannan ya danna jan maɓallin. Ya kamata fitila ta bakwai ta mutu, amma tana nan a kunne. Wani ya haɗe layin da guntun waya don kada injin ya riƙa tsayawa.

"Wane marar imani ne ya yi wannan?" in ji mai gyaran. "Sai na ga bayansa!"

Manaja ya ajiye biron a hankali.

"Kai ne, bara. Da katin ya fara wasa, ka ce a lallaɓa kafin sabo ya iso. Wata huɗu ke nan da isowarsa. Yana durowarka, ko ledarsa ba ka yage ba."