Ƙanin Roba a Gindin Rumbu

Tun da hukuma ta gano cewa tarihi ba ya shiga kai sai ta ƙafa, kowace makaranta kan kai ɗalibanta Ƙauyen Yaƙi, inda ake kwaikwayon yaƙin da aka yi a da, sau ɗaya a shekara. A bakin shiga ana ba kowane ɗalibi katin wani yaro na gaske da ya ga yaƙin, kuma ƙofar fita ba ta buɗewa sai ya yi abin da mai katin ya yi.

Hajiya Tabawa ce ta rako jikarta Zulai. Kafin la'asar sauran yara sun gama gudun hijirarsu, suna cikin mota suna shan lemo. Zulai kuwa tana tsugune a gindin rumbu, goye da ƙanin roba da aka ba ta, wanda ba a koya masa komai ba sai kuka.

"Sa shi a rumbun ki gudu, 'yan mata," in ji jagoran wurin, yana duba agogo. "Haka katin ya ce."

"Ba zan sa ba."

"Hajiya, yi mata magana. Ƙofar nan ba ta jin lallashi."

Tabawa ta karɓi katin. Sunan ƙauyensu ne, da sunanta ita Tabawa, da shekara tara. Har rumbun sun kwaikwaya, sai dai nasu bai kai wannan kyau ba.

"Kaka," in ji Zulai, "wace irin yaya ce za ta bar ƙaninta a nan?"

"Mai shekara tara," in ji Tabawa.

Ta shimfiɗa mayafinta ta zauna kusa da jikarta.

"Malam, ce wa direba ya tafi. Ni ma ban taɓa sanin abin da ke faruwa idan an tsaya ba."